Darasin Ingilishi na yamma a unguwar Zariya: abin da na gani a ciki

Akwai wani darasin Ingilishi da ake yi da yamma a unguwar Zariya, nan Maradi, a azuzuwan wata makaranta mai zaman kanta bayan ɗalibanta sun tashi. Ba shi da allo a bakin titi, ba a tallarsa a rediyo, baki da baki labarinsa ke yawo tsakanin ƴan lakwal. Tun farkon shekarar karatu nake biya wa ƙanwata, wadda ke ajin ƙarshe na lise tana shirin BAC, jarabawar gama lise, daga baya ni ma na shiga. Abokan kasuwa da ke da yara a kwaleji sun sha tsayar da ni suna tambaya ko wurin ya kai kuɗinsa. Ya kai, in jarabawar da ke gaban yaro ta rubutu ce. In kuwa akwai saurare da magana a cikinta, to darasin nan shi kaɗai ba zai fitar da shi ba.

Ba wurin ƴan fari ba ne. Wanda bai taɓa haɗa jimla da Ingilishi ba, zama kawai zai yi yana kallon allo. An yi shi ne don irin waɗanda suka fi yawa a garin nan: sun fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, sun yi shekara 4 kafin BEPC, jarabawar gama kwaleji, wasu sun ƙara 3 a lise. Irin wanga ɗalibi in ka ba shi nassi zai karanta ya gane inda aka dosa, amma ka ce ya rubuta layi goma a kan amfanin dasa itatuwa, sai kurakurai su fi layukan yawa. A ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai, mai hawa 6 daga A1 zuwa C2, irin su ana sa su wajen B1 ne. Ranar rajista malamin ba ya tambayar ajinka. Takarda guda mai tambayoyi yake miƙa maka, ya ce ka juya bayanta ka rubuta masa abin da ka yi jiya tun asuba har kwanciya. A gabana ya mayar da wani yaro, ya ce wa mahaifinsa, “Alhaji, a bar shi sai baɗi, bana kuɗinka kawai za ka zubar.” Tun daga ranar na yarda da shi.

Ni aikina riƙe lissafi ne a wani shagon kayan babur a babbar kasuwa. Kayanmu daga Kano da Katsina suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa. Ciniki da Hausa muke yin sa, ba mu neman tafinta, amma takardar kaya da rasit da saƙon da kamfani ke turowa duk da Ingilishi suke. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe nan Maradi a 2013 da Ingilishi take karantarwa. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo in sun zo rubuta kundin kammala karatu, yawancin binciken da za su dogara da shi da Ingilishi aka buga shi. Ga kuma dokar ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025, wadda ta sa Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Shi ya sa a benci guda za ka ga yarinya ƴar shekara 16 mai shirin BEPC, kusa da ita ma'aikacin asibiti mai furfura.

Kuɗin wata jika 5 ne, wato sefa 5,000, sai dala 20, wato sefa 100, ta takardun aiki duk mako. Ana shiga ƙarfe 5 na yamma a tashi da kiran magariba, kwana uku a mako, ranar Asabar da safe kuma a yi gwajin jarabawa. Yara “Ticha” suke ce masa, mu manya mu ce Malam. Mutum ne da ya daɗe yana koyarwa a lise, ba shi da hayaniya, ba ya duka, ba ya zagi, amma in ka zo ba ka yi aikin gida ba, zai ce ka zauna a baya ka yi shi tukuna kafin ka juyo ga allo.

Abin da ya bambanta shi da duk malaman Ingilishin da na zauna gabansu shi ne yadda yake gyara takarda. Ba ya rubuta maka amsa. Layi yake ja da jan biro a ƙarƙashin wurin da ka yi kuskure, sa'an nan ya sa harafi guda a gefen takardar: H, F ko S. H na nufin Hausa ce ta ja ka, F Faransanci, S kuwa sakaci ne, ka san dokar ba ka kula ba. Kai za ka koma gida ka gano abin da ya lalace, ka sake rubuta jimlar, ka dawo da takardar tsohuwa da sabuwa a manne. Kamar yaron tela ne da maigidansa ke sa shi ya warware ɗinkin da ya karkace da hannunsa ya sake. Aiki ne mai cin lokaci a wurinsa, don duk takarda sau biyu take bi ta hannunsa, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da jika 5 ɗinka ke saya.

Takardar farko da ƙanwata ta kawo gida na riƙe ta na duba da kyau. A layi na biyu ta rubuta “I have 18 years”, ya ja layi ya sa H da F duka biyu. Ta zo tana cewa, “Yaya, to me na yi a nan? Ai daidai ne.” Washegari ya yi bayaninsa a aji. Bahaushe cewa yake “ina da shekara 18”, Bafaranshe ya ce “j'ai 18 ans”, dukansu da kalmar mallaka. Harsuna biyu ke nan suna tura yaro hanya guda, alhali Ingilishi “I am 18” yake so. Ya ce irin waɗannan kurakuran su ne suka fi wuyar fita, don ɗalibi ya auna jimlar da harshen gida ya ji ta zauna, ya auna da harshen lakwal ya ji ta zauna, ba abin da zai faɗa masa akwai matsala.

Babban ɗan'uwan wannan shi ne maganar “since” da “for”. Muna cewa “ina zaune a Maradi tun 2015”, Faransanci ma da lokacin yanzu yake faɗar haka, sai yaro ya rubuta “I live in Maradi since 2015”. Daidai shi ne “I have lived in Maradi since 2015”. Daga nan sai matsalar ta juya ta ɗaya gefen: da zarar ɗalibi ya koyi “have” da aikatau, sai ya ga ya yi kama da abin da Faransanci ke yi wa duk abin da ya wuce, ya dinga rubuta “I have seen him yesterday”. Malam ya kwashe kusan wata guda a kan wannan babi shi kaɗai, wasu suna ƙorafi wai an tsaya wuri ɗaya. Dokar da ya bayar gajera ce. In ka ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, jiya, bara, shekarar 2020, to “I saw”. In abin ya faro a baya yana nan har yanzu, ko ba ka ambaci lokaci ba don sakamakon ne ya dame ka, to “I have seen”. Sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya: yaushe ka fara aiki a shagon, shekara nawa ke nan kana can, ka taɓa zuwa Zinder, yaushe. Kowace tambaya tana neman nata lokacin, kuma ba ya wuce ka sai ka faɗa daidai. Ni ban ga an tsaya wuri ɗaya ba. Wannan babin yana fitowa a nahawu, yana fitowa a insha'i, kuma mai gyara takarda daga shi yake gane ko ɗalibi ya iya ko haddacewa ya yi.

Wani abin da ya faranta mini rai shi ne yadda yake nuna wa yara cewa Hausarsu ba cikas ba ce kullum, sau da yawa ita ce gajeriyar hanya. Mun taso a lakwal ana hana mu Hausa a aji, har muka ɗauka duk harshen Turawa ta ƙofar Faransanci kaɗai ake shigarsa. Malam ya ce a duba “his” da “her”. Faransanci abin da aka mallaka yake dubawa, “son livre”, “sa voiture”, ko mai abin namiji ne ko mace. Shi ya sa ɗan lakwal ke rubuta “her car” yana nufin motar Musa, don mota mace ce a kansa. Hausa kuwa tana nuna mai abin: littafinsa, littafinta, motarsa, motarta. Ya ce duk wanda ya rikice ya faɗi jimlar da Hausa a zuciyarsa, in ya ji “sa” a ƙarshe ya sa “his”, in ya ji “ta” ya sa “her”. A yamma guda kuskuren ya ragu a ajin, na gani da idona a takardun da muka musanya muka gyara wa juna.

Haka ya yi da jimlolin sharaɗi, waɗanda a lise aka ba mu su da lamba 1, 2, 3 muka haddace muka manta. Ya rubuta a allo: “In ka zo, za mu tafi.” Ya ce wannan abu ne mai yiwuwa, “If you come, we will go.” Ya sake rubutawa: “Da ina da kuɗi, da na sayi mota.” Ya tambaya, mai maganar nan yana da kuɗi? Aji ya ce a'a. To, “If I had money, I would buy a car.” Na ƙarshe ya ce ai kowa ya san shi, shi ne da-na-sani: “Da na sani, da ban je ba”, “If I had known, I would not have gone.” Gargaɗin da ya ƙara shi ne Hausa da “da” guda take ɗaukar na biyu da na uku, saboda haka sai ka tambayi kanka, maganar yanzu ake yi ko ta abin da ya riga ya wuce. Jimlar da ba a ambaci mai aikin ba ma da “an” ya buɗe mana ita: an sace babur, “the motorbike was stolen”, ana gina hanya, “the road is being built”, za a biya ku gobe, “you will be paid tomorrow”. A maganar da ake ruwaitowa kuwa ya ce a nan kada a bi Hausa. Mutum ya ce “ina zuwa”, mu mu ce “ya ce yana zuwa”, lokacin bai motsa ba. Ingilishi yana ja da shi baya taki ɗaya, “he said he was coming”. Waɗannan juye-juyen jimla su ne abincin yau da kullum na takardun BEPC da BAC, kuma maki ne da bai kamata yaro ya bari ya zube ba.

Littafin da yake dogara da shi wajen jera darussa shi ne shuɗin nan na Raymond Murphy, English Grammar in Use, wanda Cambridge ta fara bugawa a 1985. Bugun yanzu darasi 145 ne, bayani a shafin hagu, aikin yi a shafin dama, amsoshi a ƙarshen littafi. Ba ya tilasta wa kowa sayensa, kuma ba ya bin sa shafi-shafi. Yana ɗaukar tsarin ne ya zuba misalai na gida: farashin gero, tafiya Tasawa, ruwan gulbi da damina, ɗan kabu-kabu da fasinja. Wanda yake da hali ya sayi mai amsoshi a baya, zai amfane shi a gida.

Ɓangaren kalmomi yana da nasa kaye daban, wato littafin rubutu, kuma Malam yana duba shi duk mako. Bai yarda da jerin kalma da fassararta ba. Kowace sabuwar kalma sai ka sa ta a jimlar da ta shafi rayuwarka, ka rubuta kuma kalmomin da take tafiya da su. Dalilinsa a fili yake: mu “yi” guda gare mu, Faransanci “faire” guda, Ingilishi kuwa ya raba, “do homework” amma “make a mistake”, “do business” amma “make money”, ba wata doka da za ta cece ka sai ka riƙe su a haɗe. Haka “borrow” da “lend”, da yake mu da “ara” muke yin duka biyun, har yaro ya ce wa abokinsa “borrow me your pen”. Akwai shafi na musamman na kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu daban: “library” ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba, “actually” ba “a halin yanzu” take nufi ba, “attend” halarta ce, ba jira ba. Wadda ya fi nanatawa ita ce “pass an exam”, da ke nufin cin jarabawa, alhali “passer un examen” zama ne kawai a rubuta ta. Ga kuma “information”, “advice”, “furniture”, da ba su ɗaukar “s” na jam'i ko da Faransanci yana sa musu. Kalmar da aka koya yau za ta dawo a tambayar baki a darasi na gaba, ta sake dawowa bayan mako, ta sake fitowa a gwajin ƙarshen wata. Ba ya ba da kalmomi da yawa a zama guda, abin da ya bayar dai ba ya barin sa ya kwanta.

Gwajin Asabar da takardun jarabawar shekarun baya ake yin sa, da agogo a kan tebur. A nan ne na gane yawancin yara ba rashin sani ke kayar da su ba. Sukan ɓata fiye da rabin lokacinsu a kan nassi suna neman ma'anar kowace kalma, sai insha'i ya zo a ƙurarren lokaci su rubuta layi huɗu cikin gaggawa. Malam yana sa su fara karanta tambayoyin kafin nassin, su bar kalmar da ba su sani ba su wuce, su ware wa insha'i lokacinsa tun farko. A insha'in ma ya hana dogayen jimloli irin na Faransanci masu reshe a kan reshe. Ya ce jimla gajera mai lafiya, a ɗaura ta da ƴar'uwarta da “because”, “however”, “although”, ta fi doguwar da ta karye a tsakiya. Kafin a miƙa takarda kuma sai kowa ya bi aikatau ɗaya bayan ɗaya yana neman “s” ɗin “he goes” da “she works”, wanda shi ne ya fi kowane kuskure samun harafin S a gefen takarda. Ƙanwata da 7 ko 8 bisa 20 ta fara. Yanzu ba ta sauka ƙasa da 12, kuma abin da ya fi makin daɗi a wurina shi ne in ta yi kuskure, kafin a nuna mata takan ce, “Wannan F ne, Yaya, bari in gyara.”

To, sai inda wurin ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce.

Kunne da baki kusan an bar su a baya. Abin saurare shi ne wayar Malam da wata ƴar ƙaramar lasifika da yake ɗorawa a kan tebur. Na benci uku na gaba suna ji, na baya sai ƙarar babura daga titi. Ko wannan ma ba kowane mako ake yi ba. Magana kuwa ba ta wuce amsa tambayarsa da jimla guda. Ba a zaunar da mutum biyu su yi hira ta minti biyar, ba a sa ɗalibi ya tashi ya yi bayani a gaban aji. Matsalar furucinmu ta Hausawa, ta rikita “p” da “f” har “pull” da “full” su zama abu guda, da sautin “th” da muke mayarwa “s” ko “z”, ya san da ita sarai, yakan gyara in ta faɗo, amma bai ware mata lokaci ba. Na yi masa maganar bayan an tashi. Ya ce, “Gaskiyarka, amma iyayen yaran nan maki suke jira a watan Yuli, dole in bi inda makin yake.” Na fahimci uzurinsa, sai dai akwai manya a ajin da ba BAC ya kawo su ba, kuma su ma kuɗinsu suke biya cif.

Saboda haka duk mai shirin TOEFL ko IELTS, jarabawoyin ƙwarewar Ingilishi na ƙasa da ƙasa, ya sani tun yanzu, rabin aikin kawai zai samu a nan. Jarabawoyin nan biyu ɓangare huɗu suke aunawa: saurare, karatu, rubutu da magana. A IELTS, wadda makinta ke tsayawa a 9, sau ɗaya tak ake kunna abin saurare, maganar kuma zama ne da mai jarabawa na minti 11 zuwa 14. Wanda bai saba jin Bature yana magana da saurinsa ba, nahawunsa ba zai taimake shi a wannan ɗakin ba. Mai niyyar shiga jami'a a Nijeriya ta JAMB shi ma da sauransa. A kwamfuta ake yin ta, Ingilishi dole ne cikin darussa 4, jimillar maki 400, kuma akwai tambayoyi a kan sautin wasula da inda ake danna murya a kalma, abin da ba a taɓa taɓawa a ajinmu ba. Ni abin da nake yi shi ne in sauke gajerun shirye-shiryen koyon Ingilishi na BBC masu minti 6, kyauta ne kuma suna zuwa da rubutunsu. In saurara ba tare da kallon rubutun ba, in sake saurara ina bin sa da ido, in kuma maimaita da babbar murya a shago kafin masu saye su fara zuwa.

Abu na biyu cunkoso ne. A watannin farko ajin daidai yake, kowa na samun a kira shi. Da aka shiga Afrilu, iyaye suka farga jarabawa ta matso, sai aka yi ta kawo yara, Malam kuma bai iya cewa a'a ga maƙwabci da ɗan'uwa ba. Benci mai ɗaukar mutum uku ya koma ɗaukar biyar, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga rufin kwano, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya sai ka ga kowa yana fifita da takardar aikinsa. Abin da ya fi ba ni haushi ba zafin ba ne. Takardun da a da ke dawowa a darasi na gaba sun koma yin mako, wani lokaci fiye. Gyaran nan shi ne ran darasin, in ya makara ɗalibi ya riga ya manta abin da ya sa ya rubuta jimlar haka. Sababbin zuwa kuma suna mayar da aji baya, a sake bayanin abin da aka gama tun Disamba.

Akwai kuma wani matashi da ke riƙe ajin ranar da Malam ba ya nan. Yaron kirki ne, yana da ƙoƙari, Ingilishinsa ma ba laifi, amma amsa yake karantowa daga takarda. In ka tambaye shi me ya sa wannan ce daidai ba waccan ba, sai ya ce haka dokar take. Ranar da shi ke nan, darasin ya zama irin wanda kowa ya riga ya sani a lakwal. Takardun aikin ma wani lokaci fotokofin yakan fito a dushe, har “a” da “o” su yi kama, a darasin da harafi guda ke raba daidai da kuskure. Dala 20 ba ta da yawa, amma ya kamata a ce abin da aka biya ana iya karanta shi.

Haɗa masu BEPC da masu BAC da manya a ɗaki guda shi ma yana da nasa nauyi. Wajen nahawu ba ya damuwa sosai, don kurakuranmu iri guda ne. Wajen nassi da insha'i ne ake jin bambancin: abin da ya dace da ƴar aji huɗu na kwaleji ya yi wa ɗan ajin ƙarshe na lise sauƙi, wanda ya dace da shi kuma ya yi mata tsauri. Ranar Asabar yana raba takardu kala biyu, sauran ranakun kuwa kowa abu guda yake ci. Da zai ware wa ƴan BEPC rana tasu, ko da ya ƙara wa kowa jika guda, da na biya ba gardama.

Wanda zai kai yaronsa ya kai shi tun buɗe lakwal, wajen Oktoba, kada ya jira Afrilu. Tsarin Malam na a hankali ne, wata biyu ba su isa kuskuren shekara bakwai ya fita ba, kuma mai zuwa a makare yana cutar kansa yana cutar waɗanda ya tarar. A saya wa yaro kaye biyu, ɗaya na nahawu ɗaya na kalmomi, da biro baƙi ko shuɗi, don ja na Malam ne shi kaɗai. Uba ko wa ko da bai iya Ingilishi ba yana iya bin sawu: ya ce a nuna masa takardar makon jiya, ya duba ko akwai sabuwa manne da tsohuwa, ya ƙirga haruffan da ke gefe. In S ne suka fi yawa, magana ce tsakaninsa da yaronsa. In H da F ne, aikin Malam ne, a ba shi lokaci.

Mu manyan ajin mun haɗa kai mun roƙe shi ya buɗe mana zama na dabam ranar Lahadi da safe, na saurare da magana zalla, mu kuma mu haɗa kuɗi mu sayi lasifika mai ƙarfi. Ya ce ya yarda, amma sai an gama BAC ya sallami yaransa tukuna.